Gaisuwa a Tsaye

Ni dai Allah ya gani, ban taɓa ƙin tsugunna wa babba don girman kai ba. Ƙashi ne ya tsiro min a bayan dunduniyar dama, ya yi tudu kamar ƙwallon goruba, yana gugar agara. In na tsugunna sai in ji kamar an caka min basilla. Takalmi mai rufi kuwa tuni na rabar, na koma silifa, da shi nake shiga aji a firamaren da nake koyarwa a Gwiwa.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni a Roni bayan rasuwar babanmu. A gidansa ba a gaisuwa sai an cire takalmi daga bakin zaure an kai ƙasa. Ranar da na fara gaishe shi a tsaye, na ɗan rusuna kawai, sai ya kau da kai ya ci gaba da jan carbi. Na yi masa bayani. Ya ce wa matarsa, ba ni ba, albashi ne ya tsiro min, ba ƙashi ba. Daga nan ya daina amsa gaisuwata, kuma wallahi wannan ya fi ƙafar ci min rai.

Maigidana ya kai ni wajen likitan ƙashi a Kano. Likitan ya ɗaga hoton ƙafar ya ce aiki iri biyu ne. Na farko, a huda ƙofofi ƙanana a zura kyamara a kankare tudun. Ba a daɗewa a kwance, kuma da wuri zan iya tsugunno. Sai dai nawa ya riga ya ci cikin agarar, ta ƙofa ba za a kai gare shi duka ba, ciwon yana iya dawowa. Na biyu, a tsaga bayan dunduniyar, a ɗaga agarar, a sare ƙashin, a share ta a mayar a ɗaure. Wannan watanni zan yi da sanda, kuma bai yi min alkawarin ƙafar za ta sake lanƙwasuwa har ƙasa ba.

Tun a mota maigidan ya zaɓa min na farko. Shi lissafinsa kafin Sallah in warke in je in zube gaban Baffa, magana ta mutu. Na dube shi kawai. Wato a bar min ƙashi a cikin jijiya, in dinga ɗingishi gaban yara har in yi ritaya, don in tsugunna na minti ɗaya? Kai, ina!

Na ce, "Malam, ƙafar nan ni nake takawa. A tsaga."

Aka tsaga. Na sha kwanciya, na sha gashi, damina ta wuce ina leƙe ta taga a gidanmu na Kazaure. Da na ajiye sanda sai na ji ƙasa ta yi laushi, ciwo babu. Tsugunno kuwa rabi yake tsayawa, kamar ƙofar da ta sha ruwa.

Na hau mota na tafi Roni. Na cire takalmi a bakin zaure, na shiga, na juya masa dunduniyar don ya ga ɗinkin da idonsa.

"Baffa, ina wuni. Iyakarta ke nan, ba za ta ƙara ba."

Ya daɗe yana kallon tabon. Na ga leɓensa ya motsa, har na fara murna, ashe carbinsa yake ja. Na fito ina share hawaye da gefen mayafi, na taka da ƙafata har tasha, ban nemi mai babur ba.

Har yau bai amsa ba, kuma har yau abin yana min zafi. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci yana iske ni a bakin zauren, takalmina a hannu, a tsaye.