Wuƙar Injin Aya da Hannuna na Dama

Ko na manta komai na aikin nan, ba zan manta da wata Laraba a tsakiyar azumi ba, shekarata ta biyu a ƙungiyarmu ta masu kunun aya a Gazawa. Ku sababbi ku saurara, don dokar da kuke gani takura ce, ranar aka kafa ta.

Lokacin ni ce mai kula da inji. Masu wanki su jiƙa aya su cire ƙwallon dabino, ni in markaɗa, masu tata su tace, a ɗura a gora a sa a firijo. Injin na lantarki ne, tukunyar ƙarfe da wuƙa mai baki huɗu a gindinta. Muna da wata al'ada kuma: idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ba ma kashe inji. A kunne muke barinsa, ƙararsa ce ke sanar da mu wuta ta dawo ko muna tsakar gida.

Ranar an yi mana odar kunun shan ruwa daga Gangara, mai kabu-kabu yana ƙofa kan babur yana ta danna oda. La'asar ta yi, ga ƙishirwa, ga zafi, ga shugabarmu Hajiya Balki tana leƙowa kowane minti biyar.

"Sa'a, saura nawa?"

"Zubi biyu, Hajiya."

Ban rufe baki ba injin ya yi wani gurnani ya ƙame. Ƙwallon dabino ne ya tsallake wa masu wanki, ya maƙale ƙarƙashin wuƙar. Kafin in ce wani abu, kuran ma ya ɗauke. Na ji kamar in kurma ihu.

Ni dai kun san ni da gaggawa. Na juye markaɗen a roba, na naɗe hannun riga, na cusa hannu cikin tukunyar. Na murɗa wuƙar, ta ƙi. Na jijjiga, ta ƙi. Sai na ga Inna Hadiza, tsohuwar da ke shugabantar masu wanki, ta taso tana jan ƙafa ta nufi bango. Ita wannan ko taɓa injin ba ta yi, kullum tsokanarta nake ina cewa tsoronsa take kamar kura.

"Inna, mi za ki yi nan? Babu kuran hwa!"

"Na jiya, ɗiyata."

"To ki bar shi, shi za ya hwaɗa muna in ta dawo!"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta fizge wayar injin daga bango, ta koma kan tabarmarta. Na yi tsaki, Allah ya yafe mini, na ci gaba da kokawa da wuƙar, yatsuna huɗu a ƙarƙashin bakinta.

Sai na ji iska a wuyana. Na ɗaga kai, fankar sama tana juyawa. Firijo ya ɗauki ƙugi. Wuta ta dawo, maɓallin injin yana kan kunnawa, hannuna yana ciki.

Na zaro hannun a hankali, na zauna a ƙasa. Hajiya Balki ce ta ƙarasa aikin yadda ya kamata: ta zuba ruwan zafi, ta naɗe wuƙar da tsumma, ta tokare ta da muciya, ta murɗa, ƙwallon ya faɗo. Kunun ya isa Gangara ana kiran magariba.

Na je na durƙusa gaban Inna. Ta kama hannuna ta jujjuya shi, ta ce, "Tashi ki wanke, duk aya ce."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan wanda ya saba da inji shi ya fi kusa da rauni, don ya daina jin tsoronsa. Shi ya sa kafin kowa ta taɓa wuƙa, sai na ga wayar a hannunta da idona. Ni kuwa har yau, idan fanka ta tashi ba zato, yatsuna nake fara dubawa.