Makaɗan Asabar da Muryar Yaya

Da asubar Asabar ɗin da ta wuce muka shirya, amma ba mu hau titi ba sai da rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Tsafe a 'yan shekarun nan ya san ba a yi mata sammako. Ana bari motocin haya su fara wucewa, a ji labarinsu, sannan a bi bayansu. Mu biyu ne, ni da wani abokina da muka taso tare a Sabon Gari, cikin tsohuwar motarsa wadda ƙofar fasinja ba ta buɗuwa sai daga waje. Muka zauna wurin mai koko a bakin tasha muna jira. Ƙosan yanzu kam sai a hankali, jama'a. Abin da a da zai cika maka leda, yau ƙwaya biyar ne, kowace kamar da cokalin shayi aka auna ta.

Waɗanda suka ga hoton tsohon kaset ɗin bidiyo da na sa a shafina suna ta tambayar me ya kai ni Tsafe neman tarkace. To ga dalili.

Muna yara akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin a layinmu, muna ce masa Baba Mai Rediyo. Kowace Asabar, da an taso mu daga makarantar allo, yakan fito da wata talabijin marar kala ya ɗora kan benci a ƙofar shagonsa, mu kuma mu baje a ƙasa. Wani katun ake nunawa na makaɗa huɗu: raƙumin dawa mai busa ƙaho, akuya mai gita, zakara mai waƙa, da kunkuru mai ganga. Suna yawo gari-gari a wata mota mai kama da butar shayi, su shiga rigima, su fita, a rufe da waƙa. Kunkurun kullum shi ne a makare, yana bin mota a baya da gangarsa. Mu muka raɗa musu suna. Raƙumin dawa Dogo, kunkuru Alhaji Sannu, su duka kuma Makaɗan Asabar.

Sai dai talabijin ɗin ba ta da murya. Hoto kawai. Yayana, wanda ya girme ni da shekara huɗu, shi yake zama gefen benci yana yi musu magana da Hausa, kowa da irin muryarsa. Dogo ya ba shi murya kamar ham ɗin tirela, akuya kuma muryar wata tsohuwa mai sayar da daddawa a layinmu. In an zo wurin waƙa, shi ya tsara mata baiti, mu kuma mu bi da gwangwanayen madara. Wannan abokin tafiyar tawa shi ne makaɗinmu.

Yaya ya zama malamin firamare a Bungudu, mutumin da in ya fara ba da labari sai tuwo ya huce a gaban mutane. Wata takwas da suka wuce hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na rage zuwa duba shi. Ba nisa ba ne, Bungudu nan ce kusa. Shirun ne ba na iya ɗauka. Sai makon jiya matarsa ta kira ni ta ce ya daina yarda a motsa masa jiki, ya juya fuska bango, abinci ma sai da lallashi. Ta ce wata ma'aikaciyar asibiti ta ba su shawarar a kawo masa wani abu da yake so tun yana yaro, ko zuciyarsa za ta motsa. Na kwana biyu ina neman katun ɗin a waya, amma me zan rubuta? Sunansa na gaskiya ban taɓa sani ba. Abokina ne ya tuna Baba yakan naɗi shirye-shirye a kaset don gwada bidiyon da ya gyara, kuma an ce ya koma garinsu Tsafe da komatsansa duka.

Hanya ta yi mana kyau, alhamdu lillahi. Damina ta yi sallama, gero an yanke an jingina, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin. Dutsen Kwatarkwashi ya taso mana ta gefe, har yanzu da sauran kore a jikinsa. Na wuce dutsen nan ya fi sau ɗari, amma ban taɓa wucewa ban leƙa shi ba. Shingayen jami'an tsaro na nan jefi-jefi. A wani shingen aka ce in sauko a duba but, na ce ranka ya daɗe sai dai ka buɗe mini, ƙofar ba ta san ni ba daga ciki. Ya yi dariya ya ce mu wuce. Ramuka kuwa abokina ya san su kamar 'yan'uwansa, yana kauce wa wannan yana gaida wancan.

A Tsafe ba mu sha wahalar nema ba. Mai faci na farko da muka tambaya ya ce, "Tsohon ga mai tarin rediyo? Ku bi nan, in kun ga eriya bisa gora kun kai." Haka kuwa aka yi. Muka same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai, gilashinsa ɗaure da zare, yana kwance wata rediyo da ba na jin akwai mai jiran ta. Ya dube ni ya daɗe.

"Kai na ƙanen mai surutun ga?" in ji shi.

Na ce ni ne, Baba. Da na gaya masa halin da Yaya yake ciki, sai ya ajiye sukundireba ya yi masa addu'a. Sannan ya sa muka jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Kaset sun fi arba'in a ciki, kowanne da rubutun ajami a bayansa. Wanda muke nema an rubuta masa “na yara”. Kafin a haɗa na'urar bidiyo da batirin sola aka kawo mana hoce, wato gurasar dawa ta yankin nan, da ƙuli da man gyaɗa, muka ci muka kora da fura mai sanyin randa. Na daɗe ban ci hoce mai daɗin wannan ba.

Da hoto ya fito sai da na riƙe baki. Ashe Dogo shuɗi ne! Shekara talatin da wani abu ina ɗauka fari ne da baƙi. Sannan murya ta fito, karo na farko a rayuwata. Wallahi ban ji daɗinta ba. Dogon da muka sani da muryar tirela, ashe wata 'yar siririyar murya gare shi kamar an taka ɗan tsako. Turancin yana gudu ba ya jiran kowa, waƙar kuma ba laifi, amma ba tamu ba ce. Abokina ya ce, “Waɗannan ai baƙi ne, ba su ba ne.”

Baba ya yi dariya har da tari. Na ce masa ai gara da lasifikar talabijin ɗin nan tasa ta lalace a wancan lokacin.

“Wa yac ce maka ta lalace?” in ji shi. “Sati guda ɗai tay yi ba ta aiki, nig gyara ta. Da Assabar taz zo, za ni kunna ke nan sai nij ji yaron ga ya hwara. Nic ce aradu wanga ya hi na cikin akwati. Sai nic cire waya nis sa aljihu. Ina cikin shago ina aiki ina saurare nai, shekara ukku.”

Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Ya ba mu aron na'urar da kaset ɗin, da wayoyi biyu na haɗawa da talabijin, rawaya ta hoto, fara ta murya. Da muka zo tafiya ya riƙe hannuna ya ce, “In kun kai, rawaya ɗai za ka sa.” Na ce to, Baba. Amma a raina na ce tsufa ne. Mutumin da ba ya iya magana, wa zai yi masa muryoyin in an cire murya?

Muka juyo Gusau, muka yi azahar a wani masallaci kusa da tasha, muka sha mai, wanda tsadarsa ta sa abokina ya yi ta yi wa motar nasiha. Daga nan muka miƙi hanyar Sakkwato. Tsakanin Gusau da Bungudu tafiya ce 'yar kaɗan, har na ji kunyar kaina da na ga yadda muka isa tun ban gama shan raken da na saya ba. Masu dankali da rake sun jeru a bakin titi, fadama ta yi shar. Na sayi dankali na kai wa gidan, don kada in shiga hannu rabbana bayan wata biyu ban leƙo ba.

Matar Yaya ta tare mu a tsakar gida. “Sannunku da hanya,” ta ce. “Shina ciki. Yau ko hura bai sha ba.”

Yana kishingiɗe a kan katifa, an tokare shi da matashi, ya rame. Na gaishe shi, ya dube ni, ya ɗaga hannun hagu kaɗan ya mayar. Aka tayar da ƙaramin janareto, na haɗa na'urar da talabijin ɗinsu, na soka rawaya, na soka fara. Da motar butar shayi ta bayyana, na ga idonsa ya buɗe, har ya ɗan ɗago kai. Sai Dogo ya buɗe baki da muryar nan tasa ta ɗan tsako. Yaya ya yamutsa fuska. Ya saurara kamar minti ɗaya, sannan a hankali ya juya kansa bango.

Na sha hanya tun safe don in kawo masa abin da zai faranta masa rai, sai ga shi na kawo masa shaidar cewa ko ba shi ma makaɗan suna da bakinsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai abokina ya tuna maganar Baba. Ya tashi ya zare farar wayar, ya jawo kwanon furar da aka ajiye, ya ɗauke murfin ya kifa a cinyarsa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareto daga waje. Makaɗan suna ta motsa baki ba sauti, yadda muka san su. Da aka zo wurin waƙa, kunkuru ya ɗaga sandunansa, abokina ya fara buga murfin da yatsu, kiɗan nan dai na ƙofar shago. Ni kuma na ɗauka da muryata wadda ko a makarantar allo ba a taɓa yabonta ba:

“Dogo, sunkuya ka sha ruwa,
Alhaji Sannu na tahe...”

Nan na tsaya. Baiti na uku ya ɓace mini ɗungurungum. Na sake daga farko, na sake maƙalewa a wuri guda. Ina cikin lalube sai na ga yatsun hannun hagun Yaya suna bugun katifa, daidai da kiɗan. Fuskarsa na bango har yanzu. Sai murya ta fito, mai nauyi, tana jan ƙafa, amma tasa ce:

“Kowa... yar riga mu... shi jira mu,
Mota ba ta tashi sai da mu.”

Matarsa tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta zauna a wurin, ta toshe baki da mayafi. Wata takwas ba ta ji kalma ɗaya cikakkiya daga bakinsa ba. Ni dai kuka na yi, ba na ɓoyewa, abokina kuwa bai fasa kiɗa ba don ya san in ya tsaya an gama.

Kada in yi muku ƙarya, Yaya bai warke a ranar ba. Da waƙa ta ƙare na yi masa tambaya, ya yi ta ƙoƙari, kalmar ta ƙi fita. Amma sau huɗu muka mayar da kaset ɗin baya, sau huɗu yana cika mini baitin, a na ƙarshe har ya harare ni don na sake yin kuskure. Ya sha furarsa. Bayan la'asar ya yarda muka kama shi muka fito da shi tsakar gida ya sha iska, abin da matarsa ta ce ya yi sati uku yana ƙi.

Mun bar na'urar a can, muka kamo hanya tun rana ba ta faɗi ba, muka shigo Gusau ana kiran magariba. A hanya wani abu nake ta juyawa a raina wanda sai a kallon ranar na lura da shi: duk gudun da motar butar shayi take yi, ba ta taɓa barin kunkuru ba. Takan tsaya a kwana, Dogo ya zuro wuya ta taga yana jira. Yaya ya ga wannan tun yana ɗan shekara goma sha biyu, har ya sa shi a waƙa. Ni da na rera ta sau ɗari, da nawa ɗan'uwan ya zama mai tafiyar sannu, sai na ja mota na bar shi. Zumunci a ƙafa yake, kuma wani lokaci ba magana ake kai wa marar lafiya ba, wuri ake bar masa ya sa tasa.

Na gaya wa matarsa ta riƙa dama fura da ni duk Asabar. Farar wayar kuwa na taho da ita, tana nan rataye a ƙusa a ɗakina, don kada wani mai karambani irina ya sake soka ta.