Anti Tambaya ta Ɗakin Ƙarin Ruwa

Kafin a rataya ledar magani ta farko, Anti Tambaya ta riga ta zagaye ɗakin masu cutar daji tana duba ƙafafu. Sai ta durƙusa, ta danna idon sawu da babban yatsa, ta jira ta ga ko wurin zai lotsa. Daga nan sai tambayoyi: "Baba, jiya da filo nawa ka kwana? Matakalar gidanku fa, kana hawa ba hutawa?"

Marasa lafiya ne suka laƙaba wa wannan nas sunan. Wani direba ya taɓa ce mata, "Anti, ciwona a wuya yake, me ya kai ki ƙafa?" Ta ce, "Maganin da muke sa maka ta zuciya yake bi kafin ya kai wuyan. In ta gaji, ƙafa ce ke fara kai ƙara."

Abin ya samo asali tun tana sabuwar nas. Wata mata da aka sallama da murna ta dawo bayan shekaru, ciwon bai dawo ba, amma numfashi ya gagara. Me ya jawo? Tambayar ta hana Anti sakat. Ta tsallaka sashen zuciya, ta yi ta damun likitan can, har ya ajiye mata kujera kusa da na'urar hoton zuciya. A can ta gane cewa wasu magungunan cutar daji, da gashin da ake yi wa ƙirji da na'ura, kan raunana zuciya, wani lokaci sai an manta da jinyar ma.

Masu aiki da ita ba sa manta ranar wata tela. Takalminta ya matse ta, ta ɗauka ƙiba ce, har tana murna. Anti ta danna, wurin ya lotsa. Da mijin telar ya ji bayanin cewa maganin ya fara taɓa zuciyarta, sai ya miƙe ya ɗauki jaka.

"A cire ruwan nan! Mun zo neman magani, za a kashe mata zuciya?"

"Zauna, ɗan'uwana," in ji Anti. "In kun gudu, ciwon ba zai jira ku ba. Da wuri muka gani, kuma da gyara."

Telar ta riƙo hannun rigarsa. "Maigida, bari in ji. Jikina ne."

Kafin la'asar Anti ta haɗa likitan daji da na zuciya a bakin gadon telar. Suka duba hoton zuciyarta tare, suka canza magani, suka ƙara na zuciya. Telar ta gama jinya, yau tana kan keken ɗinkinta. Tun daga lokacin likitocin biyu suke zagayen tare.

Ke ce, Anti, ba kya tsoratarwa, ba kya kuma ɓoyewa. Ke ce mai raka wanda aka sallama har bakin ƙofa kina cewa, "Duk likitan da ka je wurinsa, ko haƙori zai cire maka, gaya masa maganin da aka sa maka."

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Mun gode, Anti, Allah ya saka da alheri. Ku da kuke aiki a ɗakin yanzu, ku durƙusa ku duba. Ku da ke kan gadon, kada kunya ta rufe muku baki: ku tambayi likita, "Zuciyata fa?"