Gunvor da Tukunyar Gidan Ottar

Shekara talatin da huɗu Gunvor Lien ta yi tana raba wasiƙu a kwarinmu, kuma ko da ta ajiye aiki, zama wuri ɗaya ya gagare ta. Ta mayar wa gidan waya motarsu, amma hanyar ba ta bar ta ba. Kullum za ka gan ta da jaka a kafaɗa, ƙwai daga gidan wannan, zaren saƙa zuwa gidan wancan, labari kuwa kyauta. Ta san mai tirela, ta san wanda ya iya wasa lauje, ta san waɗanda ba a zaunar da su benci ɗaya a coci. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba, shi ya sa mutane kan ce kwarin nan shi ta raina kamar ɗanta.

A kakar bara ta leƙa gidan Ottar, tsohon kafinta mai shekara saba'in da tara, ta tarar da ruwan sama yana ɗiga kan teburinsa. Rufinsa irin na da ne, ɓawon bishiya a ƙasa, yankan ƙasa mai ciyawa a sama, ya kuwa haura shekara arba'in ba a taɓa shi ba. 'Yarsa Ingunn, mai aikin jinya a birni, ta riga ta yanke magana: in dusar ƙanƙara ta sauka rufin yana nan yadda yake, za ta zo ta ɗauke shi, ta sama masa ɗaki a bene kusa da ita.

Gunvor ta ce ai abu mai sauƙi ne, a kira gayya. Tsoho ya kau da kai. Sai da ta yi ta ja kafin ya faɗi abin da ke cin sa. A wajenmu wanda ya kira gayya shi ke ciyar da mutane, daga tukunyar gidansa. Matarsa Borghild ita ce gwanar naman rago da kabeji, har ana cewa rabin masu zuwa gayyarsu don tukunyarta suke zuwa. Tun da ta rasu, burodi da kifin gwangwani ne abincinsa.

"Mutum ashirin in buɗe musu gwangwani? Gara benen."

"To mu dafo mana, kowa ya kawo kwano."

"Wannan sadaka ce, Gunvor. Ban kai can ba tukuna."

"Kai dai girman kai ne zai hau da kai bene, ba 'yarka ba."

Ta fita ranta a ɓace, ta kai bakin gada ta tsaya tana lissafi. Ottar yana da ragonsa, yana kiwo cikin garken maƙwabci. Kabeji ga shi nan cike da lambu. Tukunyar Borghild tana rataye. Hannu kawai ya rage. Ta juyo, ta ce masa ya wanke hannunsa.

Kwana uku ta yi tana koya masa girki, ba ta taɓa ludayi ba ko sau ɗaya. Nama a ƙasa, kabeji a kai, gishiri da masoro, a sake jera nama. Ottar ya ce ashe rufi ne, shimfiɗa kan shimfiɗa, me ya sa ba a gaya masa tun yana saurayi ba. Na farko ya ƙone, karen maƙwabci ma ya shinshina ya wuce. Na biyu ya ciwu. Ita kuma tsakanin darasi da darasi ta zagaya kwarin ƙofa-ƙofa.

Ranar Asabar mutum goma sha bakwai suka zo. Aka kwashe tsohuwar ƙasa, aka jera sabon ɓawo. Ottar yana gadin tukunya sai ya hango ta taga Steinar, direban motar madara, yana shimfiɗa yankan farko ciyawa tana kallon sama. Ya fito da ludayi a hannu.

"Steinar, kakanka yana jin kunya a kabari. Na farko kife shi ake yi, ciyawa ƙasa, ruwa ya sami hanya. Na biyu ne ke kallon sama."

"Koma kicin, amarya," in ji Steinar, amma ya juya yankan.

Tsohon ya tsaya gindin tsani yana ba da umarni har Gunvor ta ji ƙauri. Ta yi masa magana ya ruga ciki, yana gargaɗin kada kowa ya taɓa masa tukunya.

Ana cikin zuba abinci Ingunn ta iso. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon mahaifinta da tsumma a kafaɗa yana cika kwanuka. Steinar ya ce gishiri ya yi yawa, ya kuma miƙa kwano a ƙara masa. Ingunn ta hau sama ta shafa katako, ta sauko ta zauna kusa da Gunvor, ta ce mata a hankali rufin hujja ce kawai ta kama, abin da ya tsorata ta shi ne tulin gwangwanin da ta gani a bayan gida. Sannan ta ɗaga murya.

"Baba, ka zauna wannan sanyin. In ƙanƙara ta narke sai mu sake magana."

Ottar bai ko ɗago ba. Ya goge ludayi, ya tambayi Gunvor ko miyar kifi tana da wuya, don ba zai yi wata shida yana cin kabeji ba. Ta ce Talata tana da sarari, ya tanadi albasa.