Ranar Da Na Sake Hawa Akawal

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, akwai rana guda da ba zai iya ɗauka ba, ita ce ranar da na sake ɗora ƙafata a likkafar dokinmu.

A ƙauyenmu, can gefen Dogo-Dogo, mace ba ta cika hawa doki ba. Ni kuwa ubana bai haifi namiji ba, shi ya sa tun ina ƴar ƙarama ya ɗora ni a sirdi. Da na yi aure, maigidana, Malam, yana da wani baƙin doki, akawal. Da gwiwoyin Malam suka gaza, ni ce mai kai abinci gona a kansa. Mutane suka yi ta magana har suka gaji.

Wata shekara, bayan damina, ina dawowa daga gona sai dokin ya durƙushe da ni. Na ci ƙasa, ƙwarya ta fashe, shi kuma yana kwance yana nishi, hancinsa na zubar da ruwa. Likitan dabbobi ya zo daga Dungas ya yi masa allura, ya ce a bar shi ya huta, in ya ji sauƙi a riƙa taka shi kaɗan kaɗan. Ni hutun kawai kunnena ya ji.

To, ni jinya ɗaya na iya a duniya, jinyar maijego. Sai na yi masa ita. Da safe in tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, in surka, in gasa masa ƙafafu. In dama masa kunun kanwa da gero. Harawa kuwa ba ta yankewa a gabansa. Ƙanin maigidana, abokin wasana, in ya zo a kan motonsa, wato babur, sai ya leƙo ya ce, "Matar yaya, ina jaririn? Yaushe suna?"

In ce, "Ranar da ka yi hankali."

Doki ya warke, gashinsa na sheƙi. Amma ni duk lokacin da na ɗauko sirdi sai in tuna durƙushewar nan, in mayar. In ce wa kowa bai gama warwarewa ba tukuna. Damina ta sake zagayowa yana ɗaure a turke.

Ran nan Malam ya kira ni ya ce, "Dokin da ba a hawa, baki ne kawai a gida. Ranar kasuwar Sassumbrum wani dillali zai biyo ya tafi da shi."

Na ce, "Malam, ai majinyaci ne."

Ya ce, "To majinyacin ya fi mu ƙiba."

Dillali ya zo da hantsi. Ya buɗe bakin doki, ya daddanna ƙafafunsa, ya taɓe baki ya ce ai dokin da ya taɓa faɗuwa ba ya sake ɗaukar mutum, sai dai amalanke. Amalanke! Dokin da na gasa da hannuna! Ban san sa'ad da na shiga ɗaki na fito da sirdi ba. Na ɗaura, na kife turmi, na taka, na hau.

Jama'a, da na ji ni a sama sai na ja linzami, na ƙanƙame kamar mai riƙe guga a bakin rijiya. Doki ya taka sau ɗaya, ya yi tuntuɓe, ya tsaya yana karkarwa. Dillali ya ce, "Kun gani ko?"

Sai Malam, wanda shi ya kira mai sayen, ya matso da sandarsa ya ce a hankali, "Ke, sakar masa baki. Ba ƙafarsa ce ke rawa ba, hannunki ne."

Na yi bismillah na saki. Ashe kunun kanwar nan duk yana nan a jikinsa yana jira. Ya yi haniniya, ya fita ƙofar gida, ya miƙe hanya. Kallabina ya tafi, kaji suka watse, ni kuwa ina salati ina dariya. Bai tsaya ko'ina ba sai tsakiyar gonar waken ƙanin maigidana, ya sa baki ya fara ci.

Mai gona ya biyo mu a kan moto yana ihu, "Matar yaya, wakena!"

Na ce, "Ka ce yaushe suna. To ga shi mun zo cin abincin suna."

Na juyo da shi gida a hankali, bayana a miƙe. Na tarar Malam yana sallamar dillali, yana ce masa ya yi haƙuri, dokin na da mai shi.

Abin da ranar ta koya mini ke nan: wanda ya tashi daga ciwo, in kana ƙaunarsa, kada ka riƙe shi a turke saboda tsoronka. Sau da yawa majinyaci ya daɗe da warkewa, mai jinyar ne bai warke ba.