Gadon da Kaka Ta Sa Aka Sake wa Igiya

A gidanmu na unguwar Umbadda, a ƙasar Sudan, mutuwa tana da akwatinta. Na ƙarfe ne, kore, yana ƙarƙashin gadon Kaka. Duk shekara bayan Babbar Salla takan jawo shi, ta fito da farin yadin da ta tsoma a ruwan Zamzam, ta shanya shi a tsakar gida tsakanin rigar makarantata da tsumman goge tukunya. Likkafaninta ke nan. Mu yara mun saba da shi har muna ɓuya a bayansa.

Gadon kansa angarib ne, katako huɗu da saƙar igiya. A ƙasar nan a kansa ake haihuwar mutum, a kansa ake sa masa lallen aure, a kansa kuma ake ɗaukarsa zuwa makwancinsa. Kaka ta san haka sarai, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai ta daɗin barci ba.

Tana 'yar shekara bakwai ta baro ƙasar Katsina a ƙafa, cikin ayarin masu niyyar Makka. Uwarta ta rasu a hanya, aka rufe ta da zanen jikinta a gindin wata bishiya da ba wanda ya sake ganewa, ba ta bar wa kowa ko kalma ɗaya ba. Tafiyar ta tsaya a gonakin audugar Jazira, sai da furfura ta fito wa Kaka sannan ta ga Ka'aba. Saboda haka ita tana da maganar da take son ta bari. Wanda ya kamata ya ji kuwa babana ne, kuma a nan gizo yake saƙarsa.

Baba direban bas ne, mutumin da ke ratsa gadar Umdurman sau goma a yini ba ya ko ƙifta ido. Amma da zarar an ambaci mutuwa sai ya ce "ba'adash sharri," wato Allah ya nisanta, ya zura takalmi ya tuna yana da tayar da zai duba. Ga shi kuma ɗan fari. Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta fuskantarsa da magana. "Mai mota" take ce masa, shi ma ɗin ta bakin wani. Uwa ba ta iya faɗa, ɗa ba ya iya ji. Na karanta littattafai da yawa daga baya, ban ga ƙulli mai tsauri irin wannan ba.

Wani maraice na sanyi, bayan sallar Magariba, muka kewaye murhun gawayi. Kaka ta soya bunnu, wato 'ya'yan gahawa, da kanta, ta daka shi da citta, ta sa aka miƙa wa Baba finjalin farko. Sai da ta ga hannunsa ya cika sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, ta sha ƙurar hanya." Muka ce a ba ta ruwa ta zauna mu ji ta. Dokar Kaka ce, ba a tashi a tsakiyar tatsuniya, ko liman ne.

Wai an yi wani madugu da bai taɓa ɓatan hanya ba. Kafin kowace tafiya yakan kwana uku yana shiri, ya duba salka, ya ƙulla guzuri, ya gaya wa kowa inda za a yada zango. Tafiya ɗaya ce kawai ya hana a ambata a gidansa. Rannan wata baƙuwa ta yi sallama ta roƙi ruwa. Da yake ba a taɓa faɗin sunanta a gidan ba, babu wanda ya gane ta. Aka ba ta tabarma, ta sha ruwa, ta yi godiya, ta fita da maigida.

'Ya'yansa uku suka ɗauki makara. Babban ya rantse cewa maƙabartar ƙofar gabas uban yake so, kusa da iyayensa. Na tsakiya ya ce ta yamma, inda malaminsa yake. Autan ya ce ai ta arewa yakan kalla in ya yi shiru. Suka yini suna zagaya gari da shi, kowa yana kuka, kowa yana da gaskiya.

"Mutumin da ya kai mutum dubu Makka," in ji Kaka, tana gyara garwashi, "ya ɓata a kafaɗar 'ya'yansa."

Sai baƙuwar ta wuce gidan wata tsohuwa mai daddawa, wadda ta riga ta gaya wa kowa komai, har wanda za a bar wa tukunyarta. Tsohuwa ta gane ta tun daga zaure, ta ce ta ɗan jira ta ƙarasa wa jikarta kitso. Baƙuwa ta zauna tana miƙa mata man shanu. Da aka gama suka fita tare suna hira, kamar masu zuwa suna.

Na tuna yadda tsigar jikina ta tashi. Ba tsoro ba ne. Ji na yi kamar in na waiwaya zan gan ta a bakin ƙofa, da ladabinta, tana jiran a gama.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "Kan ɓera ya ƙone, mai kunne ya ji. Ke malama, ɗauko littafinki."

Shekarata goma, kuma ni ce ta ɗaya a shifta. Tana faɗa da Hausa, ina rubutawa da baƙaƙen Larabci, don su kaɗai makaranta ta ba ni. In likita ya ce nasa ya ƙare, kada a bar ta a gadon ƙarfe cikin baƙi, a maido ta kan nata, a juya shi gabas. Hajja Sittana maƙwabciyarmu ce za ta yi mata wanka, mamata ta zuba ruwa. Ba ta son ihu ko zuba ƙasa a ka. Ta yafe wa mai mota nonon da ya sha, da watan da ƙyandarsa ta hana ta barci. Na ƙarshe, a sake wa gadon igiya.

"Kada in zube a tsakiyar Umbadda, a ce Hajja ta fasa tafiya."

Muka yi dariya, ban da Baba. Bunnunsa ya huce a hannu. Sai ya ce, "Inna, wace irin igiya?"

Kaka ba ta dube shi ba. Ni ta duba. "Rubuta ta kaba. Ta roba zamewa take yi."

Bayan shekara shida aka kwantar da ita a wani asibiti a ƙetaren kogi. Likita ya gaya wa maza gaskiya a baranda. Baffannina biyu suka ce a bar ta a nan, ko Allah zai sa a dace, kuma kada mutane su ce an gaji da ita. Su ma suna kuka, su ma suna da gaskiya. Baba bai yi musu da kowa ba, ya aika aka kawo littafin, ya ce in karanta. Kafin La'asar tana kan gadonta.

Kwana tara ta yi. Ta ga kowa, ta yi wa Hajja Sittana tsiya a kan kada ta yi rowar sabulu. Da safiyar na tara, Baba na zaune a ƙasa yana riƙe da ƙafarta, ta buɗe ido ta ce, "Haruna." Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, shi ma haka. Ashe ta adana shi ne, kamar yadin.

Mata ba sa raka gawa, don haka a bakin ƙofa na tsaya. Mutum huɗu suka fita da gadon, mutum ɗaya ya dawo da shi a kafaɗa ya jingina da bango. Igiyar ko gezau.

Na yi shekara talatin ina koyarwa, ina ɗauka darasin tatsuniyar nan shi ne mutum ya shirya wa mutuwarsa. Sai da na tsufa na gane ba don kanta Kaka ta yi ba. Ita inda za ta ba ta da shakka. Baba ta sauke wa kaya, don kada ya ƙare rayuwarsa yana tambayar kansa ko ya yi daidai a barandar nan.

Yanzu ni ke kwana a gadon, akwatin yana ƙarƙashina. Nawa ɗan farin injiniya ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma "ba'adash sharri" ɗinsa ta fi ta kakansa sauri. Bara na kira masaƙi ya sake wa gadon igiya, na kuma fara soya bunnu da kaina in jikoki sun taru. Har yau bai tambaye ni komai ba. Amma ya daina tashi.