Ranar da Baba Ya Je Gaida Itacen Goro

Ko da zan manta da duk tafiye-tafiyen da na yi a rayuwata, ba na jin zan manta da ranar da na kai mahaifina daji, sanye da babbar riga da hular sallah kamar wanda zai je ɗaurin aure.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a unguwar Maamobi. Mu malamai muka shirya fita shan iska zuwa wani gandun dajin gwamnati da ke can yamma, inda aka ce akwai magangarar ruwa a tsakiyar kurmi. Ni dai tunda aka haife ni a unguwar Nima, ruwa mai gudu da na sani shi ne na babban kwalbatin unguwa idan an yi ruwan sama. Don haka na ƙosa in ga yadda ruwa ke faɗowa daga kan dutse dare da rana ba wanda ya buɗe famfo.

Baba kuwa ɗan goro ne, ya gada daga ubansa, shi ma daga nasa. Idan ya taɓa goro da yatsa zai gaya maka ko daushe ne ko sabo, ko ƙwaron sankara ya shige shi. Sai dai hawan jinin ido ya kama shi, har likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa ganin da ya rage masa ba zai daɗe ba. Shi da kansa yakan ce duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta ramin makulli.

Ina ba shi labarin tafiyar yana yayyafa wa huhun goro ruwa, sai ya tsaya. Da yake sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake kirana.

"Uwata, dajin nan akwai itacen goro a ciki?"

Na ce ina zan sani, ai shi ya kamata in tambaya. Sai ya yi dariya ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin shi ba. A huhu yake zuwa mini, a huhu ya zo wa ubana. Ina so in gan shi kafin a rufe mini taga."

Na yi mamaki ƙwarai. Mutumin da goro ya ci da shi, ya aurar da shi, ya kai shi Makka, ashe bai san uwar goron ba. Na so in hana shi bin mu, amma a ƙarshe na amince mu tafi tare.

Da ya fito ranar tafiya, sai da abokan aikina suka kalli juna. Wani malamin lissafi, mai baki kamar reza, ya ja ni gefe kafin mu shiga trotro, motar hayar da za ta kai mu. "Madam, tsohon nan zai iya kuwa? Hanyan ya yi nisa paa. Kuma wannan riga, biki za mu je?" Baba ya ji shi sarai, don kunnensa bai tsufa ba. Ya ce, "Yaro, wanda zai je gaida mai gidansa ba ya zuwa da singileti."

A ƙofar gandun aka haɗa mu da wani ma'aikaci da zai yi mana jagora. Ba ya jin Hausa, sai na tambaye shi da Twi. Ya ce akwai itacen goro, ragowar wata tsohuwar gona tun kafin gwamnati ta killace dajin, amma yana tsallaken ruwan, gaba da magangarar kaɗan.

Muka shiga. Ban taɓa sanin rana na iya ɓacewa da tsakar rana ba sai a wurin. Itatuwa sun haɗe kai a sama, ƙasa jiƙe, saiwoyi sun bi hanya kamar igiyoyin shanya da suka faɗi. Ga wani shiru da ya dame ni, ni da na saba da hon da rediyo da lasifikar masallatai. Ina ta tambayar jagoran sunan wannan da wancan, shi kuwa Baba tambayarsa ɗaya ce. Duk itacen da ya dafa don ya huta sai ya ce, "Shi ne?" In ce ba shi ba ne. Ya naɗe rigarsa a kafaɗa, takalminsa ya cika da taɓo, numfashinsa na fita da ƙyar. Sauran malamai suka yi mana nisa. Tsoro ya kama ni, na ce mu koma. Ya ce wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi.

Kunne ne ya fara isa magangarar kafin ido. Da farko na ɗauka injin niƙa ne a nesa, sannan ƙarar ta cika ko'ina. Muna karya kwana sai ga ta, ruwa fari fat yana zubowa daga can ƙololuwar dutse, feshinsa na dukan fuska da sanyi. Na tsaya baki buɗe. Ina ta tambayar kaina daga ina yake zuwa, kuma yaya bai ƙare ba tun zamanin kakanni. Abokan aikina na ta ɗaukar hoto. Na ce, "Baba, ka gani?" Ya ce yana ganin wani fari-fari kamar an shanya likkafani, Allah ya yi aiki, amma mu je.

Da ni da jagoran muka riƙe shi muka tsallake kan duwatsu masu santsi. Malamin lissafin nan, duk bakinsa, shi ya biyo mu ɗauke da takalman Baba. Muka hau ɗan tudu, jagoran ya nuna wani itace ya ce ga shi.

Baba ya saki hannuna ya yi sallama, ya gyara hula, ya ɗaga kai. Ya juya fuska dama, ya juya hagu, yana neman inda ramin makullin nan zai kama wani abu. Inuwar wurin ta yi yawa. Ya daɗe a haka, sannan ya ce a hankali, "Uwata, duhu kawai. Na makara."

Hawaye ya zubo mini. Shi kuwa sai ya lalubo jikin itacen ya dafa, ya ce, "Bar kuka. Ara mini idonki. Gaya mini yadda yake, kada ki rage komai."

A gaskiya da ni kaɗai ce, da na wuce itacen nan ban ko waiwaya ba, don ba shi da wani kwarjini. Amma yanzu dole in duba. Na ce bai kai maƙwabtansa tsawo ba, amma kansa a cike yake. Ganyen dogaye ne masu sheƙi kamar an shafa musu man kaɗe. Ya ce ina goron yake? Na duba na duba, sai na hango wasu koraye masu ƙuraje a jiki, sun fito a tare daga reshe kamar yatsun hannu. Jagoran ya tsinto ɗaya da ya faɗi, ya fasa, ya sa masa a tafi. Baba ya bi cikin kwanson da yatsa, ya ji 'ya'yan a jere, kowanne a lulluɓe da farar riga.

"Ashe a matse suke kwana, kamar mu a Nima," in ji shi. Ya yi dariya har da tari, mu ma muka yi.

Kafin shekara ta zagayo ganin ya tafi gaba ɗaya. Amma ya ci gaba da zama a rumfarsa, kuma duk wanda ya tsaya sayen goro sai ya sha labarin itacen. Wata rana ina dawowa daga makaranta na ji shi yana gaya wa wani, ganye kaza, kwanso kaza, da kalmomina ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya ce, "Alhaji, kai ka gani?" Ya ce, "Na gani mana. Da idon uwata."

Abin da na koya shi ne, mukan zauna da tsofaffinmu shekara da shekaru muna tambayarsu ko sun ci abinci, ko sun sha magani, amma ba ma tambayarsu abin da ransu ke son gani. Da na tambayi Baba tun da wuri, da shi zai gaya mini yadda itacen goro yake.